Inshorar Lafiya Da Jinyar Matasanmu Idan Sun Ji Rauni

 

An ce in yi bayani a kan inshorar lafiya ta gwamnati, da yadda ta shafi jinyar matasanmu idan sun ji rauni. To, kowa a nan Sabon Ibadan ya san waɗanda suka fi haɗuwa da tsautsayi: 'yan acaɓa, masu dako a kasuwar Bodija, mahauta da yaran mota. Mun kuma san abin da kan biyo baya. Yaro ya karye, a kai shi asibiti, a ce a ajiye kuɗi, sai a shiga bin rumfuna ana karo-karo. Kafin kuɗi su haɗu an kwana biyu, wani ma tuni an kai shi wurin mai ɗori.

Ba raina masu ɗori nake yi ba. Amma karayar da ƙashi ya huda fata tana bukatar wanki da tiyata cikin gaggawa. Haka kuma ɗaurin da ya matse har jini ya daina gudana yakan sa ƙafa ta ruɓe, ƙarshenta sai yankewa. Saurayi mai ciyar da gida ya koma abin tausayi.

Me doka ta ce? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Amma fa jama'a, karɓa daban, biyan kuɗin hoto da tiyata da gado daban. Nan ne inshora take shigowa.

An kafa shirin NHIS da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, waɗanda suka fi cin moriyarsa kuwa su ne ma'aikatan gwamnatin tarayya. A 2022 aka sa hannu a sabuwar doka, ya koma NHIA, aka ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa. Ga inda gizo ke saƙar: katin ma'aikaci yana ɗaukar matarsa da 'ya'ya 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Da yaro ya cika 18 ya fita, daidai lokacin da zai hau babur. Ɗalibin babbar makaranta yana da nasa shirin, TISHIP. Yawancin namu kuwa ba ma'aikata ba ne, ba kuma ɗalibai ba, sai sun yi wa kansu rajista.

Hanya a buɗe take. Akwai shirin GIFSHIP na tarayya, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su iya shiga. Jihar Oyo ma tana da tata hukumar, OYSHIA. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu, taimakekeniya ce: kowa ya zuba kaɗan, a yi wa wanda abin ya faɗa wa magani.

Shawarata uku ce. Na farko, shugabannin 'yan acaɓa da Sarkin Fawa su tattara sunayen yaransu a yi rajista a ƙungiyance. Na biyu, kada a jira sai an faɗi, domin kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira. Na uku, kafin a biya a tambaya dalla-dalla: wane asibiti za a je, kuma shin katin ya ɗauki tiyatar ƙashi da ƙarfen da ake sawa? Ba kome inshora ke biya ba.

Iyayena, rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu.