Jawabi a kan Mudu da Sikeli, Wanda Aka Yi a Taron Tunawa da Ma'aikatan En'e

 

An umurce ni in yi magana a kan aiki guda daga cikin ayyukan En'e, na kuwa zaɓi wanda ba a cika ambatonsa ba, watau tsaron mudu da sikeli a kasuwa. Aiki ne maras ɗaukar ido, amma babu gidan da ba ya shiga, domin duk tuwon da aka tuƙa, hatsinsa ta bakin mudu ya biyo.

Kun sani wannan al'amari ya girmi En'e nesa. Alkur'ani mai girma ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, don gargaɗin masu tauye awo, an kuma ba mu labarin mutanen Madyana, waɗanda Annabi Shu'aibu ya hana su wannan hali suka ƙi, har aka hallaka su. Saboda haka ne malaman shari'a suka sa duban ma'auni cikin aikin muhutasibi. A ƙasarmu kuwa, tun kasuwar Kurmi da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa, kowace kasuwa ta kirki tana da sarkinta, mai raba gardama tsakanin ma'auni da mai saye.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai sikeli ya shigo ya tarad da mudu. Manomi ya san mudu, yana iya ƙirgawa da idonsa. Sikeli kuwa baƙo ne gare shi, ba ya karanta lambar da ke jiki, abin da malamin awo ya faɗa shi ke nan. Nan ne aikin ma'aikacin En'e ya yi nauyi, gama shi ne idon talaka a bakin sikelin gyaɗa da na auduga.

Dabarun macuta ba su canja ba har yau. Akwai mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Akwai mai bubbuge gindin kwano ya turo shi ciki. Akwai mai karɓa da tozo ya bayar a shafe. Akwai mai goge dutsen awo, ko ya tokare sikeli da ƙafa. Ku lissafa: in an rage kashi 1 cikin 20 na kwano, wanda ya auni mudu 20 ya biya kuɗin mudu guda da bai kai gida ba. Mai hali ba zai ji ba. Gwauruwa mai marayu, wadda ke awon kullum, ita ce za ta ji a tukunyarta.

To, zamani ya juya. Cikin 1973 naira ta maye gurbin fam da sule, cikin shekarun nan kuma kilo da lita da mita suka maye gurbin laba da galan da yadi. Galan guda ya ɗara lita 4 da rabi kaɗan, yadi kuwa bai cika mita ba. Dokar Awo ta 1974 ta ba sufetocin Gwamnatin Tarayya ikon gwada ma'aunin ciniki su buga masa hatimi, ta kuma mai da ciniki da ma'aunin ƙarya laifi. Cikin 1976 aka rushe En'e, aka kafa ƙananan hukumomi. Tsarin mulki na 1999 ya bar dokar awo a hannun Tarayya, ya bar kula da kasuwanni a hannun ƙaramar hukuma.

Ga inda gizo ke saƙa. Sufeto yana iya zuwa gidan mai ya gwada famfo, ya je kamfani ya gwada sikeli, amma ba shi da ƙafar da za ta kai shi kowace kasuwar ƙauye ran da ta ke ci. Mudu da tiya kuwa, waɗanda yawancin mutanenmu ke awo da su, girmansu ya bambanta daga gari zuwa gari. In sarkin kasuwa da dagaci da hakimi suka kau da kai, babu mai dubawa.

Saboda haka ina roƙon waɗanda suka gaje mu abu uku. Na fari, kowace kasuwa ta ajiye mudun gwaji guda wurin sarkin kasuwa, wanda kowa ya yarda da shi, duk mai shakka ya je ya gwada a gaban jama'a. Na biyu, a riƙa zagayawa ba tare da an sanar ba, gama in an san ranar zuwanka, kwanon kirki za ka tarar. Na uku, shi ne mafi wuya, kada mai duba ya karɓi ko ƙwayar gero daga hannun wanda ya ke dubawa. Ran da ya karɓa, ya zama abokin tarayya cikin kowane awo da aka tauye a rumfar nan.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Talaka yana gani, ko bai yi magana ba, da abin da ya gani a kasuwa kuma ya ke auna adalcin masu mulkinsa. Magabatanmu da muka taru don tunawa da su, waɗanda suka tsare wannan amana, Allah ya jiƙansu, ya cika musu mizani. Mu kuma Allah ya sa mu gama lafiya, amin.