Jawabin Magatakarda a Kan Zaɓen Wincin Jan Mota

 

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, sarakunan tasha, hajiyoyinmu 'yan kasuwa, direbobi da yaran mota, da baƙinmu da suka tsallako iyaka domin taya mu murnar zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya, muna yi wa kowa barka da zuwa. An karanta rahoton kuɗi, an yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a. Abin da ya rage a hannun ofishin magatakarda shi ne bayanin da kwamiti ya ɗora mana a kan winci, wato injin nan da ake ɗaurawa a goshin mota, mai igiya da ƙugiya, wanda yake jawo mota idan ta kafe. Kwamiti yana son a saya wa motoci biyu da suke raka ayarinmu, wasu 'yan'uwa kuma sun ce za su saya wa nasu. Mun zauna da direbobi, mun zauna da makanikai da masu gyaran wutar mota, ga abin da muka tattaro.

Kowa a nan ya san kuɗin da ke asusu ba na wasa ba ne. An rufe mana iyaka daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Jarin mutane da yawa ya karye a waɗannan shekaru, kuma abin da ake tarawa yanzu da gumi ake tara shi. A ɗaya gefen kuma mun san abin da kafewar mota take ci. Mai tumatir ko ɗanyen barkono idan ya kwana biyu a cikin taɓo, abin da zai kai kasuwa sai dai a zubar. Mai dabbobi ga ƙishirwa. Uwa uba, kwana a daji a wannan zamani ba abin da za mu so wa ɗan'uwa ba ne.

Mu fara da tambayar da masu sayarwa ba sa yi wa mutum: a ina motarka take kafewa? Hanyoyinmu iri biyu ne. Akwai masu sauka daga kwalta su bi hanyoyin ƙauye zuwa kasuwanni a tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko ta Kwangwalam da Matamai, ko ta Maigatari da Magarya. Su abokin gabarsu damina ce, da fadama, da ƙoramar da take kawo ruwa bayan an yi sama da daddare. Haka masu bin Gamboru zuwa Kusiri da Injamena, inda baƙar lakar yankin Tafkin Chadi take riƙe taya kamar danƙo. Waɗannan winci zai yi musu aiki sosai, domin galibi akwai itace a kusa, ko wata mota a kan busasshiyar ƙasa da za a ɗaura wa igiya.

Masu yin arewa kuwa, daga Damagaram a wuce Tanut a nufi Agadas, ko daga Diffa a yi Gigimi, nasu rairayi ne. Winci ba ya jan mota da kansa, sai an sami abin da za a ɗaura igiyar a jikinsa, kuma a can sai ka duba gabas da yamma ba ka ga itacen da ya isa ba. Dabarar da ake yi ita ce a haƙa rami mai zurfi, kusan gaba ɗaya na mutum zuwa ƙugu, a ɗaura igiya a safayar taya, a binne ta, a ja. Tana aiki, amma wanda ya taɓa haƙa irin wannan rami da rana tsaka a watan Afrilu ba zai so ya maimaita ba. Don haka shawararmu ga 'yan arewa ita ce a fara da abin da ya fi araha: shebur biyu masu kyau, farantan ƙarfe da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin taya, jak mai ƙarfi da katakon da za a ɗora shi a kai, da famfon iska, domin a rage wa taya iska a shiga rairayi, a mayar idan an fita. Wanda ya mallaki waɗannan, sannan ya yi maganar winci.

Sai maganar ƙarfi, inda aka fi cutar mutane. A jikin kowane winci za ku ga lamba: 8,000, ko 9,500, ko 12,000. Wannan lamba ba kilo ba ce, laba ce. Dattawanmu da suka yi awon gyaɗa sun san laba. Kilo ɗaya ya ɗan haura laba biyu. Ke nan winci mai 9,500 ƙarfinsa kimanin kilo 4,300 ne, mai 12,000 kuma kimanin kilo 5,400. Idan mai shago ya ce maka "wannan tan goma sha biyu yake ja," ka yi masa sallama ka shiga shagon gaba.

Ƙa'idar da masu ƙera shi suka bayar ita ce a ɗauki nauyin mota da kayanta, a ƙara rabinsa a kai. Hilux da ta kai kilo 2,800 da lodi tana bukatar abin da zai ja kilo 4,200, mai 9,500 ya ishe ta. Land Cruiser a-kori-kura, wadda kamfani ya yarje mata kusan kilo 3,300, tana bukatar kusan kilo 5,000, wato sai mai 12,000. To amma mu faɗa wa juna gaskiya, tunda mu kaɗai ne a nan. Wane ne a cikinmu yake tsayawa a lodin da kamfani ya rubuta? Mota wofi ta kai tan biyu. A ɗora mata buhu goma sha biyar na masara, kowane kilo ɗari, ga jarkokin mai da na ruwa, ga mutane a sama. An doshi tan huɗu. A ƙara rabi, an kai tan shida, ya wuce ƙarfin mai 12,000 ɗin ma. Kuma wannan lissafi na motar da tayoyinta suka nutse ne kawai. Idan cikinta ya zauna a kan laka, lakar tana tsotse ta, ƙarfin da ake bukata ya ƙaru sosai. Saboda haka duk girman wincin da aka saya, dokar sauke kaya tana nan. A sauke rabin lodi, a haƙe gaban tayoyi, sannan a danna. Mun san masu kaya ba sa son a sauke musu buhu a cikin ruwa, amma ƙonewar winci a tsakiyar fadama ta fi wannan tsada.

Akwai wani abu da direbobi da yawa suka ce mana ba su taɓa ji ba. Lambar da aka rubuta tana aiki ne a lokacin da aka warware igiyar kusan duka, saura layin farko a jikin gangar da take naɗewa. Duk layin da ya ƙaru a kan gangar, ƙarfi yana raguwa, har idan ta cika yakan ragu da kwata ko fiye. Shi ya sa za ka ga an ɗaura igiya a itacen da ke taku biyar daga mota, winci yana kuka ya kasa, a ce jabu ne, alhali da an nemi itace mai nisa da ya ja. Sai dai kada a warware ta ƙarƙaf. A bar aƙalla zagaye biyar a jikin ganga, domin ƙusar da ta riƙe bakin igiya ba a yi ta don ɗaukar nauyin mota ba.

Maganin wannan duka ƙaramin abu ne mai arha, wato fuli, irin wanda ake ratayawa a bakin rijiya domin jan guga, amma na ƙarfe mai ɗaukar nauyi. A ɗaura shi a itace, igiya ta zagaya ta cikinsa ta dawo jikin mota. Ƙarfin ja yakan kusa ninkawa biyu, saurin ya ragu da rabi, injin ya huta. A ra'ayinmu wanda ya sayi mai 9,500 da fuli ya fi wanda ya sayi mai 12,000 babu fuli dabara. Duk wincin da ƙungiya za ta saya, da fulinsa za a saya.

Winci na lantarki daga batirin mota yake shan wuta, kuma shan ba kaɗan ba ne. Idan yana jan nauyi sosai yakan ja amp 400 ko fiye, alhali na'urar cajin motocinmu ba ta cika wuce amp 100 ba. Ma'ana batir ne yake biyan bashin. Batirin da yake tayar da mota da ƙyar da safe ba zai yi minti biyu ba. Don haka kuɗin sabon batir mai ƙarfi yana cikin kuɗin winci, haka wayoyi masu kauri na jan ƙarfe, da makunnin da zai yanke wuta idan ba a aiki. A bar injin mota a kunne lokacin ja. A ja kaɗan, a tsaya, a taɓa jikinsa. Idan hannu ba ya iya zama a kai, a jira ya huce. A kuma duba ko wutar mota bolt 12 ce ko 24 kafin a biya kuɗi, domin manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser 24 suke, kuma mai shago ba zai karɓi abin da aka ƙona ba.

A kan igiya an yi ta muhawara a zamanmu da direbobi. Akwai ta waya, akwai sabuwar nan ta zare mai ƙarfi wadda ba ta da nauyi. Ta zare ta fi sauƙin ɗauka, kuma idan ta tsinke ba ta yin bulala kamar ta waya. Amma rana tana cinta, rairayi yana shiga tsakanin zarenta yana yanka ta a hankali, zafin ganga ma yana lalata ta, tana kuma son a riƙa wanke ta. Rana da rairayi kuwa su ne abin da Allah ya hore mana. Mu dai mun karkata ga ta waya domin motocin ƙungiya, saboda hannu da yawa ne zai taɓa su, kuma ana samun madadinta a Kano da Maraɗi ba tare da wahala ba. Amma da sharaɗi. Wayar da ta tsinke tana ɗauke da nauyi tana iya yanke ƙafar mutum, tana iya kisa. Ba a kama ta sai da safar hannu ta fata. A jefa bargo ko buhun da aka jiƙa a tsakiyarta lokacin ja. Kowa ya matsa nesa fiye da tsawon igiyar, musamman yaran ƙauye da suke taruwa kallo. Mutum ɗaya ne zai ba da umarni, sauran su yi shiru. Iyayenmu masu motoci, muna roƙonku ku faɗa wa yaranku wannan da bakinku, domin sun fi jin naku a kan namu.

Wajen ɗaurawa, a jikin shasi ake ɗaure shi, a kan faranti mai kauri da kusoshi masu ƙarfi. Bambar ado da mai walda ya liƙa ba za ta riƙe tan huɗu ba, za ta fita ta bar motar a inda take. Winci da wayarsa yakan kai kilo 35 zuwa 40, a duba ko gaban motar zai ɗauka, kuma kada ya toshe wa lagireto iska. A nemi wanda aka rufe shi da kyau saboda ruwa da ƙura. Masu rubutun IP67 ko IP68 su ne aka yi domin haka. Idan za a ɗaura a itace, a sa ɗamara mai faɗi a gindinsa, kada a zagaya masa waya. Waya tana kashe itace, kuma gawo ko aduwar da ke bakin hanya a gonar wani take. Ba ma son a kawo wa ofis ƙara daga mai gari.

Game da iri, Warn na Amurka sunansa ya yi nisa kuma kuɗinsa ma haka. Na China sun cika kasuwa, a cikinsu akwai nagari akwai na banza, kwali kuma ba ya nuna bambanci. Abin da za a tambaya shi ne: idan akwatin wutarsa ya ƙone, ko abin dannawa ya lalace, akwai kayan gyara a nan kusa? Wanda ba shi da kayan gyara, ranar da ya tsaya ya zama nauyi a goshin mota. Na hannu, wato wanda aka yi amfani da shi, ba mu hana ba, amma a gwada shi da nauyi a gaban mai gyaran wuta, a warware wayar duka a duba tsatsa da karyewa. Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai na jan hannu irin Tirfor, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi mu sani. Yana da jinkiri, yana cin ƙarfi, amma ba ruwansa da batir, yana ja ta gaba ko ta baya, kuma motoci uku za su iya haɗa kuɗi su riƙe ɗaya.

Abin da ofis yake miƙa wa kwamiti ke nan: a sayi mai 12,000 guda ɗaya tukuna, da fuli, da ɗamarar itace, da safar hannu, da sabon batir, a ɗaura wa motar da take bin hanyoyin fadama, kafin ruwa ya sauka. Motar arewa a cika mata shebur da faranti da famfon iska a bana, a duba maganar wincinta bayan an ga yadda na farko ya yi damina ɗaya. A karɓo farashi daga shago uku, a naira da kuma sefa, a rana ɗaya. Rasit na asali zai zauna a ofis, kwafinsa a cikin mota tare da takardunta, saboda tambaya a bakin iyaka. Za a buɗe littafi, duk wanda aka ja wa mota a rubuta rana da wuri da abin da ya bayar na gyara, kamar yadda kwamiti zai yanke. Direbobin da za su riƙe motar za a sa musu ranar gwaji a fili a bayan tasha, kuma muna son yaran mota su halarta. Masu son sayen nasu su ba da suna da irin motarsu a teburin magatakarda bayan an ci abinci, domin idan an saya a haɗe an fi samun ragi.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana.