Taron Gwaraza a Fim Ɗaya: Ƙarfi da Raunin Avengers: Infinity War



A ƙarshen watan Afrilun 2018 kamfanin Marvel ya saki fim ɗin Avengers: Infinity War, kuma kafin a sauke shi daga gidajen sinima ya tara sama da dala biliyan 2. Shi ne na 19 a jerin finafinan da aka fara da Iron Man a 2008, waɗanda furodusa Kevin Feige ya yi shekara goma yana ɗinke su da juna, tun ma kafin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4. Daraktocinsa 'yan'uwa ne, Anthony da Joe Russo, labarin kuma Christopher Markus da Stephen McFeely suka rubuta. Aikin da aka ɗora musu ba ƙarami ba ne. An ce su zuba gwaraza sama da ashirin cikin minti 149, da yawansu kuma suna da finafinan kansu da masoyansu. Lamarin ya yi kama da na mai biki da ya gayyato sarakuna ashirin alhali shimfiɗa ɗaya ce a zauren: duk wanda aka zaunar a gefe, jama'arsa za su yi ƙorafi.

Wannan matsala ta kayar da wasu. Wata biyar kafin nan, a Nuwamban 2017, Warner Bros. ya fito da Justice League, inda ya haɗa Batman da Superman da Wonder Woman, amma bai kai ko dala miliyan 700 ba. Uku daga cikin jarumansa, Flash da Aquaman da Cyborg, ba su da fim na kansu kafin lokacin, don haka aka ɓata lokaci wajen gabatar da su, bos ɗin kuma ya tashi babu fuska babu tarihi.

Dabarar da ta ceci Infinity War ita ce an miƙa wa bos ragamar labarin. Thanos, wanda Jim Starlin ya ƙirƙira a littattafan zane na Marvel a 1973, shi ne mai buri a fim ɗin, shi ne mai tafiya, shi ne mai sadaukarwa, shi ne kuma ya yi nasara. Yana neman duwatsu shida da zai jera a safar hannunsa ta ƙarfe, domin ya ƙyasta yatsu rabin halittu su ɓace. Kowane dutse zango ne a tafiyarsa, jaruman kuwa shinge ne a kan hanya. Da haka mai kallo bai taɓa ɓata ba, ko da an tsallaka da shi daga New York zuwa wata duniya: ya san duwatsu nawa suka shiga hannu, nawa suka rage. Tun a mintunan farko aka nuna irin wanda ake fama da shi, lokacin da ya lakaɗa wa Hulk duka da hannu, sannan ya shaƙe Loki a gaban ɗan'uwansa Thor.

A nan ya kamata a yaba wa Josh Brolin da ma'aikatan kwamfuta na Digital Domain da Weta Digital. An ɗauki motsin fuskar Brolin da kyamara aka ɗora a kan ƙaton halitta mai launin shunayya, kuma aikin ya kai ga shiga takarar Oscar. Amfaninsa ya bayyana a fitowar da aka yi a duniyar Vormir. An gaya wa Thanos cewa ba zai sami dutsen rai ba sai ya ba da abin da yake so. Gamora, 'yar riƙonsa da Zoe Saldana ta fito a matsayinta, ta fashe da dariya, domin ta tabbata ba ya son kowa. Sai ya juyo, hawaye na gangarowa a kumatunsa. Dariyar ta tsaya mata a maƙogwaro tun kafin ya kama hannunta ya ja ta bakin dutse. Duk nauyin wannan fitowa a kan fuskar da aka zana a kwamfuta yake, kuma fuskar ta ɗauka.

Ƙarfi na biyu shi ne yadda aka raba taron gida uku. Tony Stark, wato Iron Man, da Doctor Strange, masu girman kai biyu, aka kulle su a jirgi ɗaya da yaro Spider-Man a tsakaninsu. Thor, wanda ya rasa uwa da uba da ƙani da ƙasa, aka haɗa shi da Rocket mai bakin tsiya, suka tafi maƙerar Nidavellir neman sabon gatari. Captain America da sauran suka nufi ƙasar Wakanda. Kowace tawaga da irin barkwancinta da irin damuwarta, kuma haɗuwar waɗanda ba su taɓa ganin juna ba ita ce ainihin abin da mai kallo ya biya kuɗi ya gani. Lokacin da Thor ya faɗo filin daga a Wakanda cikin tsawa, kiɗan Alan Silvestri na tashi, gidajen sinima da dama sun ɓarke da sowa.

To, ina raunin?

Na farko, fim ɗin ba ya tsayawa da ƙafarsa. Wanda bai kalli Captain America: Civil War na 2016 ba, ba zai gane me ya sa Tony Stark ya riƙe waya yana jinkirin kiran tsohon abokinsa Captain America alhali duniya na cikin haɗari ba. Wanda bai san Guardians of the Galaxy ba, ba zai ji zafin da ya sa Peter Quill ya ɓata shiri ya hau Thanos da naushi ba. Tausayin da fim ɗin ke nema, wasu finafinai 18 ne suka tara masa. Cunkoson kuma ya ci wasu: Captain America da Black Widow 'yan kalmomi suka furta, Hawkeye da Ant-Man ko leƙowa ba su yi ba.

Na biyu ya shafi Wakanda, kuma ya kamata masu kallo na Afirka su dube shi da kyau. Wata biyu kacal kafin Infinity War, Black Panther na Ryan Coogler ya nuna ta a matsayin ƙasa mai sarauta da majalisa da gardamar siyasa ta kanta, ya kuma tara sama da dala biliyan 1.3. A Infinity War sai ta koma filin yaƙi kawai. Jaruman sun ƙi yarda a fasa dutsen da ke goshin Vision, ɗaya daga cikin duwatsun shida, domin ba sa musayar rai da rai, amma suka yarda dakarun Wakanda su tsaya a gaban dubban dodanni don kare shi. Soyayyar Wanda da Vision, wadda duk wannan hukunci ya rataya a kanta, ba a gina ta yadda za ta ɗauki wannan nauyi ba, kuma babu wanda ya tsaya ya ƙirga 'yan Wakanda da suka faɗi.

Na uku shi ne mafi muhimmanci ga zauren ilimi. A littafin zane na The Infinity Gauntlet na 1991, Thanos ya hallaka rabin halittu ne don ya burge Mutuwa, wadda aka siffanta a matsayin mace. Marubutan fim suka canza dalilin zuwa yawan jama'a da ƙarancin abinci, wato tsohon ra'ayin Thomas Malthus na 1798. Canjin ya ƙara wa bos kwarjini, sai dai babu jarumi ko ɗaya da ya tsaya ya rusa hujjarsa. An kira shi mahaukaci, an wuce. Alhali amsar ba ta da nisa. Jama'ar duniya sun kai biliyan 4 a 1974, suka kai biliyan 8 a 2022, ma'ana rabin da aka share zai dawo cikin kusan shekara hamsin. Amartya Sen kuma, a littafinsa Poverty and Famines na 1981, ya bi diddigin yunwar Bengal ta 1943 da ta yankin Sahel ta farkon shekarun 1970, ya nuna cewa sau da yawa mutane kan mutu ne saboda ba su da halin mallakar abinci, ko da akwai shi a kasuwa. Fim ɗin da miliyoyin matasa suka kalla ya bar mai kisan kiyashi da magana mafi tsari a bakinsa, kuma wannan sakaci ne.

Na huɗu, ƙarshen. Babu mai musun ƙarfinsa: kiɗa ya ɗauke, T'Challa, sarkin Wakanda kuma jarumin Black Panther, ya miƙa wa mai tsaronsa Okoye hannu ya zama toka, Spider-Man ya rungume Tony Stark yana roƙon kada ya tafi, Thanos ya zauna a ƙofar bukka yana murmushi. Amma kafin fim ɗin ya fito an riga an sanar da sabon Spider-Man na watan Yulin 2019, kuma a lokacin babu mai hankalin da zai yarda Disney zai binne T'Challa bayan kuɗin da ya kawo. Mai kallo ya yi kuka, yana kuma sane cewa za su dawo. Haka aka yi a Avengers: Endgame na 2019, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8. Irin wannan ne ya sa Martin Scorsese ya ce a 2019 finafinan Marvel sun fi kama da wuraren wasan shaƙatawa, domin a ganinsa babu abin da ke cikin haɗari na gaskiya a cikinsu.

Hukuncin Scorsese ya yi tsauri a kan fitowar Vormir, domin a can an yi asarar da ta taɓa zuciya, amma ya dace da ƙarshen fim ɗin. Infinity War ya warware matsalar taron taurari fiye da duk wanda ya gabace shi, ta hanyar ba wa mutum ɗaya buri bayyananne da ɗaure kowa a jikin burin. Ya gaza wajen zama cikakken labari mai farko da ƙarshe, ya kuma tayar da tambaya babba a kan yunwa da yawan jama'a bai amsa ta ba. Ɗaliban fim da marubuta su koma su sake kallonsa da takarda da biro, su rubuta abin da kowace fitowa ta ƙara wa tafiyar Thanos, sannan su rubuta amsar da ya kamata wani jarumi ya ba shi.