Ma'aunin Haske da Hukuncin Mai Ɗaukar Hoto

Abin da ya kamata mai ɗaukar hoton tsauni ko sarari ya fara sani shi ne, ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san fari ba, bai san baƙi ba. Duk abin da aka nuna masa, ƙoƙarinsa ya mai da shi ruwan toka. Saboda haka in aka tunkari farin yashi ko hazo, aka bi ta tasa, sai hoto ya fito a dushe, tilas a ƙara haske mataki ɗaya ko biyu.

Wannan matsala ce ta sa Ba'amurken nan Ansel Adams, shi da Fred Archer, wajen 1940 suka kasa haske gida 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Watau mai hoto ne zai yanke gidan da inuwar dutse za ta zauna, tun bai danna ba.

Ƙungiyar da Adams yake ciki ta 1932 kuwa sunanta f/64, wato ƙofar haske a tsuke ƙwarai, domin ciyawar kusa da tsaunin nesa su fito tare sarai. Amma ƙaramar kyamarar yau f/8 ko f/11 ya ishe ta. In an wuce nan kaifin hoto raguwa yake yi.

A 1941, a ƙauyen Hernandez, rana tana faɗuwa Adams ya nemi ma'auninsa ya rasa. Sai ya yi lissafi da hasken wata, wanda ya sani da ka, ya sa f/32, daƙiƙa 1. Kafin ya ɗauki na biyu, haske ya bar maƙabartar ƙauyen.