Kati a Gida, Ɗalibi a Makaranta: Rajista da Fitowar Ɗaliban Jami'a a Zaɓen 2023

Tsarin mulkin Nijeriya ya ba kowane ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 'yancin a yi masa rajista a matsayin mai zaɓe, kuma da yake yawancin matasa suna cika waɗannan shekaru ne gab da shigarsu jami'a ko a farkon zamansu a cikinta, zaɓen farko a rayuwar mai neman ilimi mai zurfi yakan riske shi ne yana ɗalibi. Abin da wannan lacca ta sa a gaba shi ne duba matakai uku da jama'a suka saba haɗe su a magana kamar abu ɗaya ne, alhali kowannensu yana da lokacinsa da wurinsa da wahalarsa. Na farko shi ne rajista, wato shigar da sunan mutum da hotonsa da zanen yatsunsa cikin kundin masu zaɓe. Na biyu shi ne karɓar katin zaɓe na dindindin, wanda sai da shi ake tantance mai zaɓe. Na uku kuma shi ne fitowa, wato zuwa rumfar zaɓe a ranar da aka tsayar domin kaɗa ƙuri'a. Abin da zaɓen 2023 ya nuna shi ne cewa ɗalibai sun yi himma a mataki na farko, sannan dokar zaɓe da jadawalin karatu suka haɗu suka tare da yawansu a mataki na biyu da na uku, saboda haka ɗora dukan laifin a kan halin ko-in-kula na matasa ba adalci ba ne, kuma ba zai kai ga gyara ba.

Alƙaluman Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, su ne madogara ta farko. A rajistar da aka buɗe a watan Yuni na 2021 aka rufe ranar 31 ga Yuli, 2022, hukumar ta tabbatar da sababbin masu zaɓe 9,518,188 bayan ta tace kundin ta fitar da waɗanda suka yi rajista fiye da sau ɗaya da waɗanda ba su cancanta ba, kuma daga cikin wannan adadi kimanin miliyan 7.2 matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34, yayin da kimanin miliyan 3.8, wato sama da kashi 40 cikin 100, suka bayyana kansu a matsayin ɗalibai. Da aka haɗa sababbi da tsofaffi, kundin ya tashi da mutum 93,469,008, waɗanda fiye da miliyan 26 daga cikinsu aka rubuta a rukunin ɗalibai, kuma babu wata sana'a, ko noma ko kasuwanci, da ta kai wannan rukuni yawa. Amma a ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa a faɗin tarayya ba su wuce kimanin miliyan 25 ba, abin da ke nufin kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista, kuma shi ne mafi ƙarancin fitowa tun komawa mulkin farar hula a 1999. Ma'ana, dukan waɗanda suka fito, manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata da matan aure da tsofaffi, ba su kai yawan waɗanda kundin ya kira ɗalibai ba. Wannan koma baya kuwa ya daɗe yana tafe, domin fitowar ta kai kusan kashi 69 a 2003, ta sauko zuwa kusan 54 a 2011, 44 a 2015, da 35 a 2019.

Sai dai wajibi ne a yi hattara da wancan adadi na miliyan 26, domin masu sharhi da dama sun ɗauke shi a matsayin yawan ɗaliban da ke makaranta a lokacin zaɓe, kuma ba haka ba ne. Sana'ar da ke cikin kundi ita ce wadda mutum ya faɗa da bakinsa ranar da ya yi rajista, kuma tushen kundin da ake amfani da shi rajistar 2011 ce, don haka wanda ya ce shi ɗalibi ne a wancan lokaci yana nan a rubuce a matsayin ɗalibi ko da ya daɗe da gama karatu ya kama aiki ya yi iyali, muddin bai je ya sabunta bayanansa ba. Rukunin ya kuma ƙunshi 'yan ajin ƙarshe na sakandare da masu jiran gurbin karatu. Adadin da ya fi kusa da gaskiyar ɗaliban da ake magana a kansu shi ne na sababbin masu rajista miliyan 3.8.

Ginshiƙin matsalar yana cikin yadda doka ta ɗaure kowane kati da rumfar zaɓe guda ɗaya. A ƙarƙashin dokar zaɓe ta 2022, wadda aka gudanar da zaɓen 2023 da ita, mutum yana iya yin rajista a mazaɓar da yake zaune ko yake aiki ko ya fito daga cikinta, amma ba zai kaɗa ƙuri'a ba sai a rumfar da sunansa yake, daga cikin rumfuna 176,846 da ke ƙasar a lokacin. Wannan ƙa'ida tana da hikima, domin ita ce ke hana mutum ɗaya yin zaɓe a wurare da yawa, kuma ba ta takura wa manomin da gidansa da gonarsa da rumfarsa suke gari ɗaya ba. Ɗalibi kuwa mutum ne mai mazauni biyu: ɗan Gashuwa da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko 'yar Kontagora da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, tilas ne tun ranar rajista ya yanke shawarar inda zai kasance a wata rana da ke can gaba da watanni, alhali shi ba shi ne ke da iko da jadawalin makarantarsa ba. Dokar ta ba da damar sauya rumfa, wato mutum ya nemi kwamishinan zaɓe na jihar da ya koma ya mayar da sunansa can, amma ta gindaya cewa a yi hakan aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma a jami'ar da yajin aiki kan rushe tsarin zangon karatu, babu ɗalibin da zai iya rantsuwa a kan inda zai kwana bayan wata uku.

Abin da ya faru tsakanin 2022 da 2023 ya isa misali, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wato wata takwas cur, kuma watannin ƙarshe na rajista, lokacin da layuka suka fi tsawo a ofisoshin hukumar zaɓe, sun faɗo ne a tsakiyar wannan zama na gida. Saboda haka ɗimbin ɗaliban jami'o'in gwamnati sun yi rajistarsu ne a garuruwan iyayensu, kuma can aka kai katunansu. Da aka fara rabon kati a watan Disamba, waɗannan ɗalibai sun riga sun koma makaranta, inda ake ta gaggawar cike gurbin watannin da aka rasa, ana karatu ana jarrabawa kusan ba hutu. Katin kuwa ba a aika a karɓo shi, sai mai shi ya je da ƙafarsa. An rufe rabon ne ranar 5 ga Fabrairu, 2023, bayan ƙarin wa'adi, kuma fiye da kati miliyan 6 suka rage a hannun hukumar ba a karɓa ba.

Sai bayan haka ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, bisa umarnin Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ta sanar da rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris, kuma dalilin da takardar ta bayar shi ne tsaron lafiyar ma'aikata da ɗalibai da dukiyar makarantu. Hutun ya fara ne kwana 17 bayan an rufe rabon kati, don haka ɗalibin da bai sami sukunin zuwa gida a watan Janairu ba ya isa gida ne ya tarar da ƙofa a rufe, ya kuma zauna yana kallon zaɓen da ya sha rana a layi domin ya shiga. Wanda ya yi rajista a rumfar da ke harabar jami'a ko unguwannin da ke kewaye da ita kuwa, hutun ya raba shi ne da akwatinsa, tunda an rufe ɗakunan kwana. Ƙari a kan haka, an ɗage zaɓen gwamnoni da 'yan majalisun jihohi daga 11 zuwa 18 ga Maris domin a sake saita na'urorin tantance masu zaɓe na BVAS, wato ya koma bayan ranar da aka tsayar tun farko don komawa karatu. Duk wannan ya zo ne a cikin tsananin ƙarancin takardun kuɗi da canjin fasalin Naira 200 da 500 da 1,000 ya haifar, tare da layukan mai a gidajen mai, lokacin da kuɗin mota daga Maiduguri zuwa Kano ya zama abin da uba mai albashi ma sai ya yi lissafi. Ɗaliban da suka tuna 2019 suna da wani dalilin na ɗari-ɗari, domin a waccan shekara an ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna, bayan mutane sun riga sun kashe guzirinsu sun yi tafiya.

Akwai kuma wani rukuni da ba a cika ambata ba, wato matasan da su ne ke riƙe da zaɓen kansa. Hukumar zaɓe tana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi masu yawa daga cikin masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban manyan makarantu, tana tura su rumfunan da ba nasu ba, kuma da yake ba a tanadi zaɓen wuri ga masu aikin zaɓe a 2023 ba, waɗannan matasa sun tantance wasu sun ƙirga ƙuri'un wasu ba tare da sun kaɗa tasu ba. A Gana an daɗe da warware wannan ta hanyar ware rana ta musamman kafin babban zaɓe, inda jami'an zaɓe da jami'an tsaro da 'yan jarida ke kaɗa tasu ƙuri'ar, kuma babu wani dalili mai ƙarfi da zai hana Nijeriya yin irin haka.

Wannan bayani ba ya wanke ɗalibai gaba ɗaya. Akwai waɗanda suka yi rajista don kawai su mallaki katin shaida, akwai waɗanda katinsu yana aljihu kuma rumfarsu tana bakin layinsu amma suka wuni a kan Facebook da WhatsApp suna muhawarar da ba ta shiga akwati, kuma akwai waɗanda suka yanke ƙauna saboda sayen ƙuri'a da barazanar 'yan daba. Yanke ƙaunar ta ƙaru bayan da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa shafin IReV, wato shafin intanet da aka yi alkawarin sanya hoton takardar sakamakon kowace rumfa a kansa, a kan lokaci, abin da hukumar ta danganta da tangarɗar na'ura. Rashin amincewar yana da tushe, amma ƙaurace wa rumfa ba ya hukunta kowa, sai dai ya rage yawan ƙuri'un da mai maguɗi ke buƙatar saye. Tarihin ɗaliban ƙasar nan ma bai san wannan janyewa ba: matsin lambarsu na cikin abin da ya sa aka soke yarjejeniyar tsaro da Birtaniya a 1962, kuma a zanga-zangar 1978 a kan ƙarin kuɗin abinci da na kwana, lokacin da Kanar Ahmadu Ali ke riƙe da ma'aikatar ilimi, an rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Ɗalibai mata na Arewa suna da nasu nauyin na musamman, domin sai a 1976 matan wannan yanki suka sami 'yancin kaɗa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kanta.

Babban kaso na gyaran yana hannun jami'o'i da kansu, kuma ba su da uzurin cewa harkar zaɓe baƙuwa ce a wurinsu, tunda daga cikinsu hukumar ke ɗauko shugabannin jami'a da farfesoshi su zama turawan zaɓe masu sanar da sakamakon jihohi, kuma Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar daga 2010 zuwa 2015, tsohon shugaban ASUU ne kuma tsohon shugaban Jami'ar Bayero ta Kano. Hukumar zaɓe tana sanar da ranakun zaɓe kusan shekara guda kafin lokaci, don haka majalisar kowace jami'a tana da isasshen lokacin da za ta saka hutu biyu a jadawalinta tun farkon shekarar karatu, ɗaya a lokacin rabon kati, ɗaya a makon zaɓe, kuma ta bar ɗakunan kwana a buɗe ga waɗanda rumfarsu ke harabar makaranta. Hukumar zaɓe ita ma ya kamata ta kafa cibiyoyin rajista da na sauya rumfa a cikin manyan makarantu a lokacin da ake karatu, ta kuma samar da hanyar da ɗalibi zai nemi a kawo katinsa ofishinta mafi kusa da makarantarsa. Majalisar Tarayya, wadda ta zartar da gyaran da a 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, ta riga ta amince cewa matashi ya isa a zaɓe shi, saboda haka ya rage mata ta sauƙaƙa masa hanyar yin zaɓe.

Su kuma ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ke da kati ya duba rumfar da aka rubuta a jikinsa tun yanzu, ya auna ta da jadawalin makarantarsa, ya nemi sauyi da zarar an buɗe rajista idan akwai buƙata. Wanda katinsa ke kwance a ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa ya je ya karɓa a hutunsa na gaba. Ƙungiyoyin ɗalibai kuma su kai buƙatar hutun karɓar kati gaban majalisun jami'o'insu a rubuce, kafin a fitar da jadawalin shekarar zaɓe.