Jini a Fitsari Ba Alamar Balaga Ba Ce

Yau za mu yi magana a kan abin da yawancinmu muke jin kunyar faɗa, wato fitsarin jini.

A ƙauyukanmu, idan yaro ya fara fitsarin jini akan ce ai girma ne ya zo. 'Yan'uwa, wannan ciwo ne, sunansa tsargiya. Tsutsarsa tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fatar mai wanka ko wanki a ruwa kwantacce, irin kududdufan cikin birnin Kano da hanyoyin ruwan noman rani na Kadawa da Kura. Ƙwayayenta sukan maƙale a bangon mafitsara suna yi masa rauni. Idan aka bari shekara da shekaru, raunin yana iya zama ciwon daji. Masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar da haka tun 1994. Shan taba ma yana kawo wannan dajin.

Idan ƙarin yana ƙarami, ba sai an tsaga ciki ba. Likita yakan zura siririn bututu mai fitila ta hanyar fitsari, ya kankare ƙarin da waya mai lantarki. A wasu manyan asibitocin duniya ana yanke shi da hasken leza, wanda ke rage zubar jini. Amma wannan aiki na ƙarin da bai yi saiwa a bango ba ne. In ya yi zurfi, sau da yawa sai an cire mafitsarar gaba ɗaya. Kuma ƙarin yakan dawo, shi ya sa dole a riƙa komawa ana dubawa.

To, me za mu yi? Idan aka kawo maganin tsargiya, praziquantel, a makaranta, mu bar yaranmu su sha, amma su ci abinci tukuna. Mu hana su fitsari a ruwa. Babba kuma da ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya, ko babu zafi, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Ya je Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, ko Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam, ko na Malam Aminu Kano.

Mu kuma a ikilisiya, mu haɗa masa kuɗin mota, wani ya raka shi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya ba mu lafiya.