An ce ki ƙara mega, intanet zai yi gudu: tsaya mu yi lissafi tukun

Ina gaishe da mutanen nan cikin Birnin Konni da Madawa da Dogon Dutse, da ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka, Illela da Gwadabawa har Sakkwato, duk inda muryarmu ke isa. Yau zancenmu na intanet ne. Ba na manyan kamfanonin salula nake nufi ba. Ina magana ne a kan ƙananan masu sayar da intanet na cikin unguwa, waɗanda ke kafa maka ƴar eriya bisa rufin ɗaki ko su ja maka waya daga shagonsu, kana biyan su wata-wata, da kuma masu sayar da tike na awa ko na yini. Mu nan muna cewa wifi, ƴan Illela su ce waifai, abu ɗaya ne.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, saƙo ne da wata baiwar Allah ta turo mana daga Illela. Tela ce, tana ɗora hotunan ɗinkinta a WhatsApp da TikTok, ta nan take samun masu saye. Ta ce mai ba ta intanet ya sanar da su cewa daga wata mai kamawa ya soke tsarin mega 10, kowa ya koma mega 20, kuɗi kuma sun ƙaru. Tambayarta ita ce: in na biya, da gaske abin zai ninka gudu, ko dai ƙarin farashi ne aka yi wa ado? Hajiya, na gode da wannan tambaya, domin ni kaina na taɓa faɗawa cikinta, kuma zan ba ku labarin.

Bari mu fara da kalmar mega, don nan ne ruɗanin yake somawa. Mega iri biyu ce. Wadda mai sayarwa ke rubutawa a allonsa megabit ce a kowane sakan, wato faɗin hanyar da bayanai ke bi. Wadda wayarka ke nuna maka in kana sauke bidiyo kuwa megabait ce, masu waya da Faransanci suna ganin Mo, masu Turancin Ingila suna ganin MB. Bit 8 ne ke yin bait 1. Ke nan in an sayar maka da mega 10, mafi yawan abin da za ka gani a waya shi ne 1.25 a sakan. Mutane da yawa suna ganin wannan su ce an cuce su, alhali a nan babu cuta, ma'auni ne ya bambanta. Fim mai nauyin giga 1 zai ci maka kamar minti 13 a mega 10, a mega 20 kuma bai kai minti 7 ba. Wannan fa in hanyar taka ce kai kaɗai.

To, nan ne gizo ke saƙar, domin hanyar ba taka ba ce kai kaɗai. Mai wifi na unguwa shi ma saro yake. Yana sayen babban bututu daga wani babban kamfani, ko ya kafa faifan tauraron ɗan'adam, sai ya yanka ya rarraba. A ɗauka misali, ba lissafin wani shago nake karantowa ba: ya saro mega 100, ya sayar wa gida 40 kowane mega 10. In ka tara, ya sayar da 400 daga cikin 100. Kada ku yi saurin cewa ɓarawo ne, duk duniya haka sana'ar take, saboda ba kowa ke kan layi a lokaci guda ba. Da hantsi, yara suna makaranta, maigida yana kasuwa, za ka samu mega 10 ɗinka cif. Amma bayan isha'i, gida 25 sun kunna bidiyo, mega 100 a raba 25, kowa ya tashi da 4. Yanzu ku saurari wannan da kyau: in mutumin nan ya mayar da kowa tsarin mega 20 bai ƙara abin da yake sarowa ba, bayan isha'i nawa za ku samu? Mega 4 ɗin dai. Lamba ce kawai ta canza a kan rasiɗi. Shi ya sa za ku ga ana rubuta “har zuwa mega 20”. Wannan “har zuwa” ɗin ita ce ƙofar fita.

Ni abin da ya same ni ya ɗan bambanta, kuma rabin laifin nawa ne. Bara na gaji da yadda murya ke yankewa in ina tura rahoto daga gida, sai na je na ce a ɗaga ni mataki na gaba. Na biya. Sati biyu babu abin da ya canza. Na koma shagon da fushina, na tarar da mai wurin, dattijo ne, na ce, “Baba Alhaji, kuɗina sun ƙaru, intanet bai ƙaru ba.” Ya ce, “Ɗiyata, ina kika aje akwatin?” Ya haɗa ni da yaronsa muka je gida. Ashe na'urar wifi ɗin tana can cikin zaure bisa kanta, ni kuma ɗakina yana ƙarshen gida, bango uku tsakaninmu, ga ƙofar ƙarfe. Yaron ya gwada a gindin akwatin, gudu ya kusa abin da na biya. Ya gwada a ɗakina, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. Aka ƙara waya aka dawo da akwatin tsakar gida, magana ta ƙare. Da na yi haka tun farko, tsohon tsarina ya ishe ni. Abin da na riƙe a kansu shi ne, ranar da na zo ƙarin babu wanda ya tambaye ni komai, hannu biyu aka karɓi kuɗin.

Tunda mun taɓo akwatin, ku sani yawancin na zamani suna watsa wifi iri biyu, za ka ga sunan ɗaya da 2.4, ɗayan da 5. Mai lamba 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango. Mai 2.4 yana nisa, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, kuma tsoffin wayoyi shi kaɗai suke kamawa. In wayarka tsohuwa ce, ko an ba ka mega 50 ba lalle ka gan su ba.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: mega nawa gida ke buƙata ma? YouTube da kansu sun ce bidiyo mai ingancin 720 yana son kamar mega 2.5, mai 1080 kuma mega 5. Kiran murya na WhatsApp bai kai mega 1 ba. Ke nan gidan da mutum biyu ke kallo, na uku yana waya, mega 10 na gaskiya ya wadace su har da saura. Na ce na gaskiya. Gara mega 10 da ke tsaye da dare da mega 30 da ke zubewa da an yi sallar magariba. Mai shagon buga takardu da kwamfuta shida, ko makaranta, ko gidan kallon ƙwallo, wannan lissafinsu daban ne, su ƙarin yana iya zame musu dole.

Ke kuma Hajiya mai ɗinki, akwai wata lamba da ta fi wannan muhimmanci a gare ki, kuma da wuya a rubuta ta a allo. Gudun saukewa daban, gudun turawa daban. Mega 20 da ake talla ta saukewa ce. Ke kuwa aikinki ɗora bidiyo ne, turawa ke nan, kuma sau da yawa ita ce ƙarama nesa ba kusa ba. Ki tambaye shi kai tsaye: a sabon tsarin, turawa nawa ce? In ya ce yadda take a da haka take, to bidiyon ɗinkinki zai ci lokacin da ya saba ci, ko da kin biya ƙarin.

Mu zo kan kuɗi. Su masu sayarwa suna da wata dabara ta lissafi, kuma ba ƙarya ba ce. Misali dai, mega 10 jika 15, mega 20 jika 22. Sai a ce maka duba, a tsohon tsari kowace mega sefa 1,500 ce, a sabo 1,100, ka ga ai sauƙi ka samu. Haka ne a takarda. Amma kai ba mega ɗai-ɗai kake saye kamar tumatir ba, wata kake biya. Ƙarin jika 7 a wata, a shekara jika 84 ke nan. Kowa ya san abin da jika 84 ke yi a gida. In ba ka amfani da ƙarin, ka sayi babbar riga ne ka rataye a ƙusa.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɓangarensu, domin na zauna da wasunsu, kuma ba duka ne ke neman cutar kowa ba. A Najeriya, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Eriya, waya, akwati, batir, duk daga waje ake shigo da su da dala. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi a ninka. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya sanar a Oktoban 2024 cewa zai ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta ce ba da yawunta ba, ya dakata. Kun ga in na sama ya motsa, na ƙasa ba shi da zaɓi. Mu nan Nijar sefa tana ɗaure da yuro, saboda haka kayan aiki ba su yi irin wannan tsalle ba, amma ga matsalar wuta. Tun lokacin da aka yanke mana lantarki daga Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, duk mai wannan sana'a ya gane sai da sola da batura, kuma kuɗinsu a kan mai saye suke ƙarewa. Ga shi ba mu da teku. Intanet ɗinmu ta ƙasashen gaɓa yake biyowa, ko ta sama. Kuna tune da 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka wayi gari rezo yana rarrafe. Ranar, mai mega 5 da mai mega 50 duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɓoye ƙarin farashi a cikin rigar ƙarin gudu. In kaya sun yi tsada, ka fito ka ce jama'a kaya sun yi tsada, mega 10 ta koma kaza. Mutanenmu ƴan kasuwa ne, sun san hawa da saukar farashi. Amma ka soke ƙaramin tsari gaba ɗaya, ka tura tela da ɗalibi da mai shago duk cikin babban tsari, ka ce gata ka yi musu, wannan bai yi ba. Kuma ko na sama ma bututunsa yana cika. A ƙarshen 2024 Starlink ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Legas da Abuja na wani lokaci saboda wurin ya cika. Yanzu da ya shigo Nijar a hukumance tun Maris 2025, wifi na unguwa ya yawaita, faifai ɗaya mutum hamsin a kansa. Mai sayen tike ya san da wannan. Shi ma mai sayarwar ya binciki sharuɗɗan abin da ya saya da kuma dokar lasisi, ARCEP a nan, NCC a can, domin ranar da aka rufe masa layi, kuɗin watan da kuka biya sun bi ruwa.

To Hajiya, ga abin da zan ce ki yi kafin wata ya kama. Ki buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, kyauta ne, ki tsaya kusa da akwatin ki gwada sau uku a yini: da safe, da azahar, da misalin ƙarfe tara na dare. Ki yi haka kwana uku, kina ɗaukar hoton allon. In da dare kina samun kusan mega 10 ɗinki amma duk da haka bai ishe ki ba, ƙarin zai yi miki amfani. In kuwa da dare 3 ko 4 kike gani, matsalar tana wajensa, kuma sai ki nuna masa hotunan ki tambaye shi ko ya ƙara abin da yake sarowa. Ki kuma tambaya game da kalmar nan “ba iyaka”, domin wasu in ka ci giga kaza a wata sai su shaƙe gudun ba tare da sun faɗa ba. Ya rubuta miki amsa ko da a saƙon WhatsApp ne. Sannan kada ki biya wata uku a dunƙule saboda an yi miki ragi, ki biya wata ɗaya ki gani. In kun kai ku goma a unguwa kuka je tare kuka ce a bar muku ƙaramin tsarin, zai fi saurarenku, don shi ma ba ya son ku koma wajen na bayan layi. Idan kamfani ne mai lasisi a Najeriya kuma ya ƙi kula koke, NCC tana da lambar kyauta, 622.

Wani mai saurare daga Madawa ya tambaya ko ruwan sama yana rage gudu. E, Malam, in ta faifan tauraron ɗan'adam ake kawo muku, ruwa mai ƙarfi yana iya tsinke shi na ɗan lokaci, kuma babu tsarin da za ka saya ya hana wannan. Ku ci gaba da turo hotunan gwajinku ta lambar shiri, ku rubuta gari da lokacin da kuka gwada, ba sai kun ambaci sunan mai shago ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu karanta su, mu ji ko daren Konni ya fi na Illela gudu. A huta lafiya.